Gugan da Ya Bar Mini a Tsakiyar Rijiya

A bazarar nan da muke ciki ɗana na fari ya cika shekara tara da rasuwa. Ba zan rubuta sunansa ba, masu karatu su yi mini uzuri. Yana raye ban taɓa kiran sunan da bakina ba, haka aka raine mu, to ba yanzu da ba ya nan zan fara ba. Ƙannensa Yaya suke ce masa. Tsakanina da shi "kai" ta ishe mu, shi kuma yana ce mini Adda, don a hannun mahaifiyata ya yi wayo, ya tashi ya ji ƙannena na kirana haka. Yana ajin ƙarshe na sakandare, saura 'yan makonni su fara jarrabawar fita, sanƙarau ya ɗauke shi. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan namu da naku.

Yaro mai shekara goma sha bakwai ba ya barin gado. Abin da ya bar mini labari ne da bai ƙarasa ba, na wani littafin Turanci da za a tambaye su a jarrabawa. Shekara takwas na yi ban san ƙarshensa ba, sai bara na ji. A kan wannan nake son yin magana yau, ko da za a ce matar nan ta rasa abin tunawa sai tatsuniya.

Mafarin abin daga malamarsu ta Turanci ne, Malama Rifkatu, wadda ban taɓa gani ba sai ranar ta'aziyya. Ita ta ce musu duk wanda ya karanta babi ɗaya ya je gida ya ba uwarsa labarin da Hausa, ko da yaren da ake yi a gidansu. In uwar ta gane, to shi ma ya gane. In ta fara hamma, ya koma ya sake karantawa. Ran da ya zo mini da zancen muna tsohon gidanmu na unguwar Jahun, bayan la'asar, ina tsintar shinkafa a bakin rijiya. Ya tsaya nesa kaɗan yana sosa ƙeya, ya ce, "Adda, aikin makaranta aka ba mu, wai sai da ke." Na ce ni da ko allon kanti da Turanci ba na iya karantawa? A lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, Hausar ma da yatsa nake bin ta. Ya ce ba karatu zan yi ba, kunne kawai ake so. Na ce to, kunne kam akwai shi.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai yi wuya ya gane girman wannan. Tsakanin uwa da ɗan fari akwai kunya. Ba hira, ba wasa, in ya gaishe ni in amsa ina kallon wani wajen. In ya yi abin kirki kakarsa ce mai yabo, ni nawa shiru. Amma da aka ce aikin makaranta ne sai kowa ya samu mafaka. Surukata ma, Allah Ya jiƙanta, in ta leƙo ta gan mu sai ta ce, "Au, karatu ake," ta koma. Ni idona na kan tire, shi yana zaune a kan kifaffen turmi idonsa na kan littafi. Haka muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba, ba tare da mun haɗa ido ba.

Littafin na wasu 'yan'uwa biyu ne da suka gaji kwalekwalen fito daga ubansu a wani ƙauye na bakin kogi. Sunayensu sun fi ƙarfin harshena, sai muka raɗa musu namu. Babban muka ce masa Gagare, ƙaramin Ɗan Birni. Suka saɓa a kan kwalekwalen, magana ta yi zafi, Ɗan Birni ya haye ya tafi abinsa. Gagare ya ja kwalekwalen ya ɗaure a gindin bishiya, ya rantse ba zai sake fiton kowa ba sai ƙanensa ya dawo ya ba shi haƙuri. Alhali kasuwa na tsallake, asibiti na tsallake. Gari ya shiga wahala saboda faɗan mutum biyu. Ni ban taɓa ganin kogin da ya fi na Dindima ba, shi ma ta tagar mota, don haka a can na ajiye su, kuma har gobe a can suke.

Ba shiru nake yi ba. Nakan ce, shi wannan Gagaren ba shi da manya ne da za su tsawata masa? Ko in ce ai mai laifin uban ne, da bai raba musu abu tun yana raye ba. Sai in ji ya ce, "Yawwa Adda, irin tambayar da za su yi mana ke nan," ya ɗauki fensir. Shi ya gaya mini kowane labari na da jigo. Na ce irin na masu lambu? Ya ce kusan haka ne, sandar da ke ɗauke da nauyin komai. Na ce to jigon wannan girman kai ne, ba sai an je makaranta ba. Ya ce malamarsu ta lissafa guda uku. Na ce sauran biyun 'yan rakiya ne.

Hali ɗaya gare shi mai ba ni haushi. Daidai inda labari ya yi daɗi, nan zai rufe littafi ya ce sai gobe. Wata rana na ce wannan wace irin mugunta ce? Ya ce ba shi ba ne, marubucin ne ya tsara haka, kuma abin har suna gare shi a Turanci. Ya faɗi sunan, na maimaita, na ce sasfens. Ya yi dariya har littafin ya faɗi. Wai harafin tsakiyar ba namu ba ne, na Turawa ne, wanda sai an haɗe leɓe an fashe da iska. Akwai jarrabawar furuci da suke yi, kuma malamarsu ta ce nan Bahaushe ke tuntuɓe, don bakinmu bai raba "p" da "f" ba, mai neman fanka da Turanci sai ya roƙi kasko. Ya tsinko 'yar auduga daga tsohon matashi ya riƙe a gaban bakinsa, in ya faɗi daidai sai ta yi tsalle. Ya miƙo mini. Na yi, na sake yi, audugar nan ta ƙi tsalle, sai dai ta kwanta. Na ce ya bar ni da sasfens ɗina, ba ni za a yi wa jarrabawa ba, ya dai gaya mini ma'anarsa. Sai ya kalli rijiya ya ce, "Kamar ki zura guga ki tsayar da shi a tsakiya. Bai taɓa ruwa ba, bai dawo baki ba. Hannunki na gajiya amma ba za ki saki ba."

A zamanmu na ƙarshe kogi ya cika ya batse, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba a ganin tsallake. Sai Gagare ya ji murya daga can ana kiran mai fito. Kamar muryar Ɗan Birni, kamar ba ita ba. Ya je gindin bishiya ya ɗora hannu a kan igiya. Nan yaron ya rufe littafi. Na ce yau kam ba ka isa ba. Ya ce babi ɗaya ya rage, kuma kansa na ɗan sara masa, a bari sai gobe. Har ya kai ƙofar ɗaki ya juyo ya ce, "Adda, ƙarshen nan fa sai kin yi faɗa da marubucin."

Washegari zazzaɓi ya rufe shi, wuya ya ƙi juyawa. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Ba a rufa mako ba aka kai shi.

Bayan arba'in mahaifinsu ya tattara littattafansa ya raba wa yaran unguwa sadaka, kuma daidai ya yi. Ni ban san sunan littafin ba, shuɗin bango kawai na sani. Malama Rifkatu ta zo gaisuwa da 'yan ajinsu, ta riƙe hannuna tana kuka, tambayar na bakin harshena na haɗiye ta. Wace uwa ce za a zo mata ta'aziyyar ɗa ta tsaya tambayar ƙarshen tatsuniya? Abokansa kuwa, ta yaya zan tare su da zancen ɗan fari, in ce su gaya mini yadda aka ƙare da Gagare, sunan da babu shi a ko wane littafi? Sai na riƙa ƙarasa wa kaina. Tunda ya ce sai na yi faɗa, na ɗauka mugun ƙarshe ne. Wata rana in ce Gagare ya ƙi kwancewa, da safe aka tsinci gawar ƙanensa. Wata rana in ce ya kwance, ruwa ya ci su duka. Ina daka ina yi, ina wanki ina yi. Ko cikin salla, Allah Ya yafe mini, na sha tsintar kaina a bakin kogin nan.

Yanzu muna Tirwun, a gidan da mahaifinsu ya gina. Gida ne mai kyau, alhamdu lillahi, sai dai katangun nan dogaye ne, kowa da ƙyaurensa na ƙarfe. Ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta kan danga ta ce a san mata gishiri. Ba rijiya, ruwan bohol muke saya wurin masu kura. Malam, mahaifin nasu, yakan fita shagonsa na kasuwar Wunti da safe sai bayan isha'i, kuma shi mutum ne da ba ya ɗaga maganar yaron, irin nasa haƙurin ke nan. Mai bin marigayin tana ɗakin mijinta a Gombe, namijin yana koyon sana'a a Jos. Duk lokutan yini ina iya cika su da aiki, ban da bayan la'asar. Wani abokin marigayin da ya shiga soja yana barikin Shadawanka, yakan zo gaishe ni da Salla, da faɗin kafaɗa da ɗansa a hannu. A jikinsa nake auna shekarun nawa. In ya tafi sai nawa ya koma ɗan siririn nan a kan turmi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda ake karatun yanzu. Autata Hafsatu, da ba ta wuce shekara tara ba sanda ya rasu, bara ta kai ajin da ya tsaya. Nata karatun a waya yake. Akwai wani mutum a ciki da ke taƙaita littafi guda kafin ruwan shayi ya tafasa, ya jera jigo, ya jera halayen mutanen ciki, har da tambayoyin da yake ganin za su fito. Jarrabawar shiga jami'a kuma a kwamfuta ake yi. Ba na kushewa. Na san da yana nan da shi ne zai fi kowa manne wa wayar, don mai son sabon abu ne. Kuma yaran na da uzuri, an ce musu in ba kiredit a Turanci duk sauran darussan sun zama ado, to dole su nemi gajeriyar hanya. Amma ina jin zai tambayi Hafsatu, in an ba ki ƙarshe tun kafin farko, a ina za ki gaji da riƙon igiya? Kowa ya ci zomo ya ci gudu, su kuma an kawo musu zomon a dafe. Ni abin da na gani shi ne yarinya a ɗaki da abin ji a kunnuwanta biyu, ni kuma a tsakar gida da nawa kunnuwan ba mai nema.

Wata la'asar, an ɗauke wuta tun safe, wayarta ta mutu, ta fito tsakar gida da takarda tana haddar kalmomin adabi da ma'anarsu kamar mai tilawa. Sai na ji kalmar nan, sasfens, ta fito daga bakinta, da harafin Turawan daidai, ta tsaya tana laluben ma'anar. Ban san sanda na ce "guga a tsakiyar rijiya" ba.

Ta ce, "Mama, me kika ce?"

Na ce, "Ba komai, ci gaba da karatunki."

Ta ce, "Wallahi sai kin faɗa. Mama ashe Turanci kike ji kika ɓoye mana?"

Haka ta tatse ni har na ba ta labarin duka, karo na farko da na ba wani mahaluƙi. Ta ce ta tuna audugar, ita ta ɗauka ciwon kunne Yaya ke yi. Da aka kawo wuta ta nemo jerin littattafan shekarar su Yayanta, kafin in idar da magariba ta gano shi. Ta zo da murna ta ce, "Mama ga shi, ƙarshen 'yan layuka ne, in karanto miki?"

Na ce a'a. Abin da na jira shekara takwas ba a tsaye za a miƙo mini shi ba kamar ƙosai a takarda. Na ce in za ta ba ni, daga littafin za ta ba ni, babi babi, tana zaune, kuma ita ma kada ta leƙa. Ta ce ai ba ya cikin nasu, an canza tuni, ga jarrabawa ta matso. Na ce to ki gama tukuna, sannu ba ta hana zuwa. Kafin nan, in kina so, kawo naki. Ta kawo wani wasan kwaikwayo da suke yi. Ranar farko ta kasa wuce shafi kaɗan, don taƙaitawar ta sani, ba ta san wa ya ce me ba. Na yi mata hamma da gangan. Ta ce, "Kai Mama!" ta koma ta karanta.

Da suka gama jarrabawa, damina ta sauka, ta je wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi ta samo shi. Bangon shuɗi ne. Ta ce tunda babi ɗaya ya rage mu je can kai tsaye. Na ce a'a, daga farko, wai na manta. Ban manta komai ba. Tsoro nake ji. Muddin ban ji ƙarshen ba, akwai sauran magana tsakanina da shi, akwai wata gobe da ya yi mini alkawari. In na ji, shi ke nan an naɗe tabarma. Hafsatu mai sauri ce, ba ta tsayawa inda yake tsayawa, kuma da sunayen gaskiya take kiransu, ina gyara mata har ta saba da Gagare. Da muka zo babin ƙarshe na yi ta ƙirƙiro uzuri, yau barka, gobe dubiya, jibi ciwon baya. Ta gane, ta ƙyale ni. Ranar da uzuri ya ƙare mini na ɗauko tire na zauna.

Gagare ya kwance igiya. Ya tura kwalekwalen da ya daɗe bai taɓa ruwa ba, ya shiga, ya kama tuƙi cikin ruwan sama ya nufi inda muryar ke fitowa. Nan Hafsatu ta tsaya.

Na ce, "Sai me?"

Ta ce, "Shi ke nan, Mama."

Na ce, "Duba dai, ko an yage shafi."

Ta juya, ta sake juyawa, ta ce babu abin da aka yage, nan marubucin ya tsaya. Bai faɗi wa ke kira ba, bai faɗi ko ya isa tsallaken ba.

Ni da ba a san ni da ɗaga murya ba, na dire tire na miƙe tsaye. Na ce wannan wane irin mutum ne marar tsoron Allah? Ka tara jama'a, ka sa mutum a tsakiyar kogi, ka juya ka tafi gida? Tawada ce ta ƙare maka ko takarda? In ba ka san ƙarshen labari ba wa ya aike ka farawa? Ina cikin yi, hannuna a sama, sai na ji abin da nake yi da kunnena. Na tsaya. Na zauna a ƙasa. Dariya ta zo mini tare da kuka, har Hafsatu ta tsorata ta riƙe ni tana sallallami. Da na samu numfashi na ce mata, "Yayanki ya faɗa. Ya ce sai na yi faɗa da shi."

Shekara takwas ina ɗaukar maganar nan gargaɗi, ashe tsokana ce. Ya riga ya karanta, ya san babu gawa a ciki, ya kuma san halin uwarsa, cewa ba zan yarda a bar ni a rataye ba. Yaron da ban taɓa zama na buɗe masa cikina ba, ashe daga kan turmin nan ya karance ni tsaf, har ya san abin da zan yi a gidan da bai taɓa gani ba. An ce kunne ya girmi kaka. Ni na ɗauka ni kaɗai ke saurare.

Ga iyaye mata 'yan'uwana da yaransu ke fama da Turanci a wannan zangon, ba ni da ilimin da zan ba ku shawara, sai abin da na gani. Rashin jin Turanci bai hana ki zama da tire a gefe ki ce a ba ki labari. Ki tambayi abin da bai gamsar da ke ba, ki yi hamma in bai yi daɗi ba. Ko bai ƙara musu maki ba, zai bar miki wani abu.

Hafsatu Allah Ya ba ta kiredit ɗinta, yanzu tana karatu a Azare, gidan ya ƙara faɗi. Littafin na cikin akwatina, ba na iya karanta ko layi ɗaya, sai dai in duba bangon. Abin da na ji tsoro bai faru ba, tabarmar ba ta naɗe ba, don marubucin da kansa ya bar gugan inda yaron ya bar shi. Bayan la'asar nakan zauna in yi ta juya abin ni kaɗai. Wata rana in ce Ɗan Birni ne ke kira. Wata rana in ce wani baƙo ne da dare ya yi wa, kuma shi ma ya cancanci a je a ɗauko shi. Ba wanda zai ce mini "yawwa Adda" ya ɗauki fensir.

Faɗan da marubucin kuwa ban gama ba, rabi na yi. Sauran na ajiye sai mun haɗu da mai tsokanar ya ji da kunnensa, in Allah Ya yi mana rahama, a inda ba a rufe littafi a ce sai gobe.